Ziyararmu Zuwa Tsohon Cocin Navrongo Da Masallacin Larabanga

A wannan wata za mu ba ku labarin wata tafiya da muka yi zuwa arewacin ƙasar nan a hutun ƙarshen shekara, mu biyar, dukanmu malaman makaranta daga Nima da Maamobi. Wanda ya gan mu a tasha da jakunkunanmu zai ce yawon shan iska za mu. Amma abin da ya tashe mu wata magana ce da ta daɗe tana cin unguwarmu, har ta kai wa da ƙane suna fitowa daga sallar asuba kowa ya kama gabansa ba gaisuwa.

Maganar kuwa ta masallacinmu ce. Kakanninmu suka gina shi da hannunsu bayan yaƙin Hitila, lokacin da Nima take cika da baƙi daga Kano da Sakkwato da ƙasar Zabarma da ta Mosi. Bangonsa na ƙasa ne mai kauri, rufinsa kwano, ƙofarsa kuma wani kafinta ɗan unguwa ya sassaƙa ta. Yau ya yi mana kaɗan. Ranar Juma'a sahu yakan fito har bakin gota, masu trotro suna ta danna mana hon. Iyayenmu mata ba su da wuri sai baranda, in ruwa ya sauko su naɗe tabarmi su koma gida. Tsofaffi masu ciwon gwiwa ba inda za a ajiye musu kujera. 'Ya'yan unguwa da ke Amurka da Jamus da Italiya, waɗanda muke kira boga, sun haɗa kuɗi sun aiko, sun ce a rushe a ta da bene mai tayil da gilashi da na'urar sanyaya ɗaki. Tun da aka buɗe babban Masallacin Ƙasa na Kanda a watan Yulin 2021, mai kubbobi irin na Istambul, kowane yaro a zango ya san irin masallacin da yake so. Dattawa kuwa sun ce muddin suna numfashi ba mai taɓa ko tubali ɗaya. Kwamiti ya sa rana bayan ƙaramar salla domin a yanke magana.

Ɗaya daga cikinmu a Navrongo ya yi karatun horon malamai, a kwalejin Saint John Bosco wadda aka kafa tun 1946. Shi ne ya ce mana wata rana a ɗakin malamai, "Ku zo mu je ku ga yadda Kiristocin can suka yi da tsohon cocinsu na ƙasa. Su ma jama'a ta yi musu yawa, su ma zamani ya zo musu da sauyi, amma ginin yana nan tsaye." Muka ce to, gani ya kori ji.

HANYA

Daga Ankara zuwa Navrongo ya fi kilomita 800. Da yamma muka shiga babbar bas. Kumasi da Techiman cikin barci muka wuce su, sai a Kintampo muka sauka muka yi alwala da ruwa mai sanyin ƙanƙara. Da gari ya waye sai muka ga duniya ta sake. Dogayen itatuwan kurmi sun ƙare, sai kaɗanya da ɗorawa da kuka jefi-jefi, ciyawa ta bushe, hazon hunturu ya rufe rana har mutum yana iya kallonta ido da ido. Muka ƙetare Baƙin Volta a Buipe, muka ƙetare Farin Volta a Yapei.

Nan ne ƙasar Gwanja da muke ji a bakin kakanni. Ta nan fatake suke zuwa daga ƙasar Hausa da jakuna, su kawo kanwa da tufafi da fatu, su koma da goro daga kasuwar Salaga. Da yaƙin basasa ya ci Salaga a 1892, 'yan kasuwarta suka watsu zuwa Kete Krachi da Kintampo da Kumasi har bakin teku, zangogi da yawa na ƙasar nan suka ƙara cika daga wannan watsewa. Muna kallon dajin ta taga, babbanmu ya ce, "Abin da muka ci a dare ɗaya, su watanni suke yi a kansa da ƙafa."

A Tamale muka karya kumallo da koko da ƙosai, muka shafa man kaɗe a leɓe domin ya fara tsagewa. Daga nan sai Walewale, sai Bolga, sai muka shiga ƙaramar mota zuwa Navrongo. Garin dab yake da iyakar Burkina Faso, Paga mai tafkin kadoji tana gaba kaɗan.

A ƘOFAR COCI

Daga waje ginin ba ya nuna kansa. Dogon ɗaki ne mai rufin kwano da hasumiyar ƙararrawa a gaba. Da muka isa ƙofa sai ƙaraminmu ya ja da baya, ya ce wa babbanmu, "Yaya, anya ya kamata mu shiga?" Babbanmu ya ce masa, "Gini muka zo gani da darasi. Ka manta a 2019 Babban Limamin Ƙasa, Shaihu Usmanu Nuhu Sharubutu, yana da shekara ɗari a duniya, ya je cocin Christ the King a Ankara ranar Ista domin zumunci? Mu wa muka fi?" Shi ke nan muka shiga.

Wani dattijo mai kula da wurin ya tarbe mu. Da ya ji muna Hausa sai fuskarsa ta washe, ya ce, "Malamai, sannunku da zuwa. Daga wane zango?" Ashe tsohon ɗan sanda ne, ya yi aiki a kudu shekaru da yawa, Hausarsa irin ta bariki ce. Muka ce, "Baba, daga Nima muke." Ya yi dariya ya ce ai ya ci wake da shinkafar Nima har ya gode Allah. Shi ya zaga da mu, abokinmu da ya yi karatu a garin yana ƙara mana bayani.

Ga tarihin a taƙaice. A watan Afrilun 1906 wasu 'yan mishan na Katolika uku suka iso Navrongo daga Wagadugu. Ƙungiyarsu ita ake kira Fararen Fada, saboda farar riga da alkyabba irin ta mutanen Aljeriya da suke sawa, don a can aka kafa ƙungiyar a 1868. A wancan lokaci gwamnatin Faransa tana takun saƙa da coci, shi ya sa suka nemi wurin zama a ɓangaren Ingilishi. Cikinsu akwai Fada Oscar Morin, mutumin Kanada, wanda daga baya ya zama bishop. Da ƙaramin ɗakin ibada suka fara, jama'a ta ƙaru suka yi wanda ya fi shi, sannan a 1920 aka gama wannan babban da muke ciki. A 1934 ya zama kujerar bishop. A shekarar 2000 gwamnatin Gana ta sa shi cikin jerin wuraren da take nema wa shiga kundin kayan tarihi na duniya na hukumar UNESCO, a 2006 kuma, da aka cika shekara ɗari da zuwan Fararen Fada, fadar Paparoma ta ba shi matsayin basilika. Sunan Nana Maryamu aka sa masa, suna ce masa cocin Maryamu Mai Baƙin Ciki Bakwai.

Tsawonsa mita 60 ne, faɗinsa mita 14, hasumiyar kuma mita 13. Duk wannan girma da tubalin ƙasa busasshen rana aka yi shi, mutanen garin ne suka kwaɓa suka ɗauka a ka suka ɗora. Tsarin ɗakin na Turawa ne, hannun da ya gina na Kasena ne. Da farko rufin soro aka yi masa irin na gidajen yankin, daga baya aka ɗora kwano domin ruwan damina.

Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne sanyi. Navrongo tana cikin wuraren da suka fi zafi a Gana, a watan Maris zafi yakan wuce digiri 40. Amma kaurin bangon yana shanye zafin rana, ba ya sakinsa ciki sai dare ya yi. Abu na biyu shi ne daɓen. Muka duƙa muka shafa, ga santsi ga ƙarfi kamar dutse. Baba ya ce tsakuwa ce da kashin shanu da ruwan ɓawon ɗorawa, mata suka daɓe da madaɓi. Sai muka dubi juna, don wannan ai makuba ce, wadda maginan Kano da Zariya suke aiki da ita tun fil azal. Kalmar dawadawa ma da duk Gana take faɗa daddawarmu ce. Mun taso muna jin kakanninmu mata suna zancen daɓe da makuba, amma sai a cikin coci a iyakar ƙasa muka fara taɓa shi da hannu.

AIKIN MATAN SIRIGU

Yanzu ga abin da ya kai mu. Cikin ɗakin ba haka yake ba tun farko. Shekaru da yawa ibadar Katolika ko'ina a duniya da Latin ake yinta, Fada yana tsaye a gaban bagadi ya ba jama'a baya, ado da waƙoƙi duk irin na Turai. Daga 1962 zuwa 1965 bishop-bishop na duniya suka yi babban taro a Rum, wanda ake kira taron Batikan na biyu, suka buɗe ƙofa a riƙa ibada da harshen mutane da abin da ya dace na al'adarsu. Bayan taron aka jawo teburin bagadi gaba a coci-coci, Fada ya juyo yana fuskantar jama'a. A arewacin Gana, Bishop Peter Dery na Wa yana cikin na farko da suka shigar da harshen Dagare da kiɗan gargajiya cikin ibada. Navrongo ma harshen Kasem ya shiga.

To da ibada ta sake, sai aka ce ɗakin ma ya kamata ya yi kama da masu shi. A shekarun 1970 wani babban limaminsu ɗan ƙasa, Monsinyo Kizito Avereyire, ya gayyato mata daga ƙauyen Sirigu domin su yi wa cikin cocin ado. Matan Sirigu sun shahara da zanen bango, uwa take koya wa 'ya, kuma a al'adarsu namiji ke gini mace ke yaɓe da ado. Ba su zo da fenti daga kanti ba. Launi uku suka yi aiki da su, ja da baƙi da fari, dukansu daga ƙasa da duwatsun yankin. Su kwaɓa ƙasa su fitar da siffa a jikin bango tun tana ɗanya, su goge da ɗan dutse mai santsi har ta yi sheƙi, su shafa launi, sannan su yayyafa ruwan makuba ya riƙe.

Muka bi ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya. Ga zane mai kusurwa uku-uku irin na fasasshiyar ƙwarya, ga mai kama da ragaya, ga siffofin dabbobi da na zaman yau da kullum, ga kuma labaran addininsu kamar haihuwar Annabi Isa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da jibin ƙarshe. Mu dai kowa ya san hukuncin siffar mai rai a ɗakin salla a wurinmu, ba wannan muka je koyo ba. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne an sabunta ɗaki mai shekara hamsin ba tare da an fasa bangonsa ba, kuma da aka tashi sabuntawar sai aka nemi matan ƙauye, waɗanda ba su taɓa riƙe alli a aji ba, aka ce su ne gwanaye. Yau wannan aiki nasu shi baƙi suke zuwa gani daga ƙasashe. A Sirigu ma wata malamar makaranta, Melanie Kasise, ta kafa ƙungiyar mata masu tukwane da zane a 1997 don kada sana'ar ta mutu, har Kofi Annan ya ziyarce su a 2002.

Muka tambayi Baba, "To da jama'a ta fi ƙarfin ɗakin fa?" Ya fito da mu ya nuna mana babban sabon coci na siminti a gefe. Ya ce, "Ga amsar. Ɗa ya girma ya yi ɗakinsa, ai ba ya rushe na uwarsa." Muka ce tsohon fa, ba ya cin kuɗi? Ya ce, "Malamai, ginin ƙasa kamar tsoho ne a gida. Ba ya son a yi masa babban biki sau ɗaya a manta da shi, kullum yake so a leƙa. In kwano ya yoyo a gyara a makon, in gara ta fito a bi ta." Ya ce Hukumar Gidajen Tarihi ta Gana da wasu masana ginin ƙasa na cibiyar CRATerre ta birnin Grenoble a Faransa sun yi aikin gyara a nan tare da maginan gari da matan. Muka ga wayar lantarki da lasifika a ciki, ba su hana ginin zama abin da yake ba.

LARABANGA

A hanyar dawowa muka ce bai kamata mu ga na maƙwabta mu wuce namu ba. Daga Tamale muka bi ta mararrabar Fufulso zuwa Damongo, daga can sai Larabanga, ƙauyen da ke bakin dajin Mole. Masallacin ƙarami ne ƙwarai, kamar mita 8 ne kowane gefe, fari fat, da hasumiya biyu masu tsini, ɗaya ta alƙibla ɗaya ta ladan, da itatuwa sun fito daga jikin bango waɗanda magina suke takawa in za su yi yaɓe. Ƙofofinsa gajeru ne, dole mutum ya sunkuya. Ga tsohuwar kuka a jikinsa. Mutanen garin suna cewa wani bafatake mai suna Ayuba ya kafa shi a 1421, masana tarihi da yawa kuma suna kai shi ƙarni na 17. Suna kuma da wani tsohon Alƙur'ani da suke girmamawa ƙwarai, ba kullum ake fito da shi ba. Muka yi azahar a ciki, sahu biyu uku ya cika ɗakin.

Wannan masallaci ya ga abin da Baba ya gargaɗe mu a kansa. A shekarun 1970 aka yaɓe shi da siminti da yashi, da kyakkyawar niyya, don a huta da yaɓen kowace shekara. Amma bangon ƙasa yana shan laima daga tushe da damina, ya fitar da ita ta jikinsa da rani. Da siminti ya toshe hanyar, sai laimar ta zauna ciki. Ƙasa ta yi laushi, itatuwan da ke riƙe da ginin suka jiƙe, gara ta samu gida. Daga waje mutum yana ganin bango lafiya lau, ciki kuwa ya ruɓe. Daga baya guguwa da ruwa suka kayar da wajen alƙibla da hasumiya. A 2002 asusun kula da gine-ginen tarihi na duniya da ke Amurka ya sa masallacin cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari, kamfanin American Express ya ba da dala dubu hamsin, Hukumar Gidajen Tarihi da mutanen CRATerre da maginan garin suka kama aiki. Abu na farko da suka yi shi ne ɓamɓare simintin gaba ɗaya. Suka sauya ruɓaɓɓun itatuwa, suka ta da abin da ya faɗi, suka koma yaɓen ƙasa irin na da.

Irin waɗannan masallatai kaɗan suka rage a Gana, kamar na Nakore da Maluwe da Banda Nkwanta da Wuriyanga. Na Bole ruwa ya rusa babban ɓangarensa a watan Satumban 2023.

A ƘASAR KAKANNI

Cikin mota muna dawowa hira ta kai mu ƙasar Hausa. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830 da bakan gizo na ƙasa da azara, masana gini na duniya suna sa shi cikin mafi kyawun abin da hannun Bahaushe ya yi. A shekarun 1970 aka kewaye shi da sabon gini na zamani, tsohon ya zauna a ciki. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana sallar la'asar, wani ɓangaren rufin ya rufto, mutane suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Wannan ya kamata dattawanmu su ji shi da kyau: cewa kada a taɓa gini ba shi ne kula da gini ba, kuma ran masallaci ɗaya ya fi kowane bango.

A Nijar kuma, a ƙauyen Dandaji na jihar Tawa, da tsohon masallacin ƙasa ya tsufa aka yi niyyar rushe shi. Wasu mata biyu masu zanen gini, Mariam Issoufou Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka ba da shawara a gyara shi ya zama ɗakin karatu, a gina sabon masallaci babba a gabansa da bulon ƙasa matsattse. Aka gama a 2018. Yaro ya fito daga salla ya shiga ɗakin littattafai, mata ma sun samu wurin koyon karatu.

Kuma kada samarinmu su zaci faɗaɗa masallaci laifi ne da sai an roƙi gafara, kada dattawa su zaci bidi'a ce. Masallacin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, da tubalin ƙasa da kututturen dabino aka gina shi a Madina. Sayyidina Umar ya faɗaɗa shi, Sayyidina Usmanu ya sake faɗaɗa shi da dutse. Jama'a in ta ƙaru dole wuri ya ƙaru.

SHAWARARMU

Mun san Nima ba Navrongo ba ce. Su suna da fili har ido ya gaji, mu kuwa tun da Malam Amadu Futa ya samu wurin nan a farkon shekarun 1930 ake ta cusa ɗaki a jikin ɗaki, yau lungun da mutum biyu za su gifta juna ma sai an yi dabara. Saboda haka ba za mu ce a kwaikwayi kowa ido rufe ba. Ga dai abin da za mu kai gaban kwamiti, muna kuma miƙa shi ga sauran zangogi, daga Sabon Zango na Malam Bako har Madina da Ashaiman da Kumasi, don mun san ba mu kaɗai ke cikin wannan hali ba.

Na farko, kafin a ɗaga guduma ko a sayi buhun siminti ɗaya, a kira injiniya da magini wanda ya san ginin ƙasa su duba bangon da katakon rufi, su faɗi gaskiya. In ginin zai kashe mutane, magana ta ƙare. In yana da sauran ƙarfi, kada a lulluɓe shi da siminti da tayil a ce an gyara.

Na biyu, in hali ya yi, a bar tsohon ɗakin da bangon alƙibla, a ta da benen a wajen baranda da tsohon wurin alwala. Tsohon ya zama na salloli biyar da karatun yara da dare, sabon ya ɗauki Juma'a da tarawihi.

Na uku, a kira iyayenmu mata a tambaye su. Mun duba kwamitinmu ba mace ko ɗaya, alhali su ne suke salla a ruwa, kuma kuɗin adashinsu da na wake da koko yana cikin kowane kwano da ke kan masallacin nan. Su faɗi inda suke son ƙofarsu da wurin alwalarsu, da yadda tsohuwa za ta shiga ba ta hau matakala ashirin ba.

Na huɗu, a yi tunanin iska kafin a yi tunanin na'ura. Wanda ya ga dumso na 2015 ya san abin da ɗakin gilashi yake zama in wuta ta ɗauke. Rufi mai tsawo da tagogi sama da ƙasa ba sa cin kuɗin mita.

Na biyar, a ware wani abu daga kuɗin boga a buɗe asusun gyara na kowace shekara. Mun iya taron buɗe masallaci da shinkafa da lasifika, amma indararo in ya karye sai ya shekara yana zuba a jikin bango. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Na shida, ko da ƙarshe rushewar ce ta zama dole, a ɗauki hotuna, a auna ɗakin, a ajiye ƙofar da mumbarin a sa su a sabon gini. A zauna da tsofaffin da suka rage a rubuta sunayen waɗanda suka ba da fili da waɗanda suka kwaɓa ƙasa da limaman da suka gabata. Wannan aiki mu malamai mun ɗauka, mu da ɗalibanmu, kuma mun riga mun fara. Makon jiya mun zauna da wani dattijo da ya haura tamanin, wanda yana yaro ya ɗebo ruwan ginin a garwa. Ya lissafa mana mutum goma sha ɗaya, ya ce akwai wasu biyu da sunansu ya ɓace masa, mu dawo ranar Asabar ko zai tuna.

Muna roƙon samari su sassauta harshe a gaban iyayensu, dattawa kuma su saurari 'ya'yansu, don masu aiko da kuɗin nan cikin sanyin Turai suka nemo shi, kuma don Allah suka aiko. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk mai tsohon hoton wani masallacin zango, ko labarin yadda aka gina shi, ya aiko ta ofishin wannan mujalla, za mu karɓa da godiya. Muna kuma gode wa Baba na Navrongo da mutanen Larabanga bisa karamcin da suka yi mana.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya haɗa kanmu, Ya zaunar da ƙasarmu Gana lafiya. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.